Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kayan Matafiyin Daji a Ƙasar Damagaram

Da zarar damina ta ɗauke, aka yanke gero aka kai rumbu, sai hanyoyin daji na jahar Damagaram su cika da masu tafiya ƙasa. Makiyaya suna gangarowa daga arewa da bisashensu, ƴan ci-rani suna fita, ƴan koli suna bin kasuwannin ƙauye. Akwai kuma ma'aikatan gwamnati waɗanda aiki yake kai su inda mota ba ta zuwa, kamar masu allurar rigakafi, da malaman dabbobi, da ma'aikatan gandun daji, da masu ƙidayar jama'a, da malaman yaƙi da jahilci. Har ma da ɗalibai da masu yawon buɗe ido waɗanda ke sha'awar duwatsun Kutus, arewa da Gure, ko dutsen Tarmit da hukuma ta keɓe domin kare namun daji a shekara ta 2012.

Dukansu tambaya guda ce ke gabansu daren tashi, wato me za a ɗauka, me kuma za a bari. Makiyayi ya gaji amsar wurin ubansa. Wanda ya fi bukatar tuni shi ne ma'aikacin da ya tashi a Birni ko a Sabon Gari, ya saba da ruwan famfo tun yana lakwal, sa'an nan ran nan aka miƙa masa takardar aiki aka ce ya nufi rugagen da ke bayan Tanut.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin Tarabulus da na Abzin a unguwar Zango suke sauka kafin su wuce Kano. Madugan wannan zamani ba su san kilomita ba. In an tambaye su nisan hanya, da rijiyoyi suke amsawa: daga rijiya kaza zuwa rijiya kaza kwana biyu ne, daga can kuma kwana uku babu ruwa. Wannan lissafi shi ne har yau yake yanke hukunci a kan kayan matafiyi, domin tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya ita ce ke faɗin yawan ruwan da za a ɗauka, ruwan kuwa shi ke faɗin abin da ya rage wa sauran kaya.

Lissafin ba shi da wuya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Mutum mai nauyin kilo 60, in yana son ya yini yana tafiya kwana da kwanaki, bai kamata kayansa su wuce kilo 15 ba, wato kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin jikinsa. A lokacin ɗari lita 4 tana iya kai shi dare. A bazara kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, mai tafiya cikin rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa guda, saboda haka lita 8 a yini ba ta yi masa yawa ba. Ke nan ruwan kwana biyu kawai ya kai kilo 16, ya riga ya zarce abin da mutum zai iya ɗauka, alhali bai sa ko dabino guda a jaka ba. Shi ya sa tafiyar da ta wuce yini guda babu rijiya, a bazara, ba ta yiwuwa sai da jaki ko raƙumi. Wanda ya ce ƙarfinsa zai kai shi, to, bai yi lissafi ba.

Fatake sun san wata dabarar rage shan ruwa wadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Ana tashi da asuba a yi tafiya har hantsi ya ɗaga, sa'an nan a nemi inuwar aduwa ko ta kandili a yada zango, ba a sake ɗaura kaya sai la'asar. In akwai farin wata, a ƙara da dare.

Salka ko bido

Salka fatar akuya ce da aka feɗe a dunƙule ba tare da an tsaga cikin ba, aka jeme ta da bagaruwa, aka ɗaure ƙafafu, aka bar wuya ya zama baki. Majeman Damagaram da dukawanta sun daɗe da yin suna a aikin fata. Salka mai kyau tana cin lita 20 zuwa 30, tana kwanciya lafiya a cikin jaki ko a gefen raƙumi, in ruwa ya ƙare kuma a naɗe ta. Babbar falalarta ita ce sanyi: ruwa yana tsatsafowa kaɗan kaɗan ta jikin fatar, iska tana busar da shi, wannan bushewa ita ce ke sanyaya na ciki. Amma fa sanyin da ruwa ake biyan sa, domin salka tana rage abin da aka zuba mata kullum. Ƙaya tana huda ta. Wadda ta daɗe a rataye a bushe tana tsagewa in ba a shafe ta da mai aka jiƙa ta ba, sabuwa kuma ruwanta yana ɗanɗanon jima sai an cika an zubar sau da yawa.

Yau bidon roba, irin rawayan nan na man girki mai lita 20 ko 25, ya kusa korar salka daga bakin rijiya. Ba ya tsatsafa, ƙaya ba ta cika huda shi ba, sai dai ruwansa yana ɗumi kamar na wanka. Maganin haka mutanen karkara sun samo shi da kansu: a ɗinke bidon cikin buhun algarara, a riƙa jiƙa buhun, sai ya yi aikin salka. Abin da ba shi da magani shi ne bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin fara. Ko sau goma aka wanke shi, kada a sha ruwansa.

Ko salka ce ko bido, kada a zuba dukan ruwa a mazubi guda. Jaki yana tuntuɓe, marfi yana kwancewa. A raba shi biyu ko uku, sa'an nan kowane mutum ya rataya ƴar gorarsa ta lita guda ko biyu a jikinsa, yadda ko dabba ta tsere da kaya bai tashi hannu banza ba.

Sai abin da ɗan birni ya fi mantawa, wato guga da igiya. Garin Damagaram kansa a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwansa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. A Damargu kuwa ruwa yana nesa ƙwarai a ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi da yawa sun wuce mita 50, sai da raƙumi ko sa ake jan wasakinsu. Matafiyi yana iya isa bakin irin wannan rijiya da tsakar rana ya tarar masu ita sun kora, ya leƙa ya hango ruwa yana ƙyalli, ba shi da abin kaiwa gare shi. Ba a bukatar babban wasaki. Siririyar igiyar nailan mai ƙarfi, da ƙaramin gugan robar taya ko gwangwani mai cin lita biyu, sun isa. Tsawon igiyar kuwa mutanen yankin ake tambaya kafin a tashi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Rijiyar daji tana da masu ita, Fulani ko Buzaye ko Tubawa, waɗanda suka haƙa ta da guminsu. Al'ada ba ta yarda a hana mai ƙishirwa ruwan sha ba, amma baƙon da ya yi sallama, ya jira layinsa, ya fito da goro ko ƙullin shayi da sukari, ya fi samun haske. Shi ne za a gaya wa gaskiyar hanya, rijiyar da ta ƙafe da wadda ta rufta. Saboda haka ƴar tsaraba tana cikin kayan tafiya na dole. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Damagaram a ƙarshen Disamba 1852, ya yi fiye da wata guda yana jiran kuɗi yana harhaɗa kaya kafin ya nufi Katsina da Sakkwato da Tambutu, tare da yaronsa Dorugu, ɗan ƙasar Kance. Cikin abin da ya saya har da alkyabbu da rawuna da madubai, duk domin gaisuwar mutanen da zai ratsa ƙasarsu.

Ruwan da aka samu kuma ba kowanne ake kurɓa haka nan ba. Dattawan Mirya suna tune da kurkunu, wanda ke kwantar da manomi damina guda sukutum. Tace ruwan tabki da ƙyalle yana cikin abin da ya kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar. To, amma ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin zawo da na amai da gudawa. Waɗannan sai tafasawa, ko ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, wadda ake jefawa a jira minti 30. Kwalinta bai kai nauyin goro guda ba. A haɗa da ƙunshin gishiri da sukari, domin wanda zawo ya kama ko gumi ya tsotse: lita guda ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri.

Mai karatu yana iya cewa duk wannan na masu tafiya ƙasa ne, shi a mota zai tafi. Mutanen jahar nan ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da motoci biyu suka lalace a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Mutum 92 ƙishirwa ta kashe, yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance, har ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Talauci ne ya fitar da su, ba su kuma da iko a kan abin da aka loda wa motocin. Allah ya jiƙan su. Ma'aikacin da ke da ikon shirya tafiyarsa, shi ba shi da uzuri: duk wanda ya shiga mota zuwa daji ya lissafa ruwansa kamar da ƙafa zai dawo.

Daga tafin ƙafa zuwa ka

Bayan ruwa sai ƙafa. Daga Damagaram zuwa Tanut kamar kilomita 150 ne, wato kwana biyar ko shida ga mai yin kilomita 25 zuwa 30 a yini, kuma da kaka duk wannan fili karangiya ce da tsidau. Sabon takalmi, komai tsadarsa, kada a fara gwada shi ranar tashi, domin kafin azahar ya tayar da bororo. Tsohon da ƙafa ta saba da shi ya fi, in dai ƙasansa yana da kauri. Takalmin taya na makiyaya ƙaya ba ta ratsa shi, rairayi kuma yana fita kamar yadda ya shiga, sai dai bai rufe idon sawu ba. Rufaffen takalmi da dogon wando mai kauri sun fi a wurin duwatsu da ciyawa. A sa hantsaki a aljihu. Ƙayar da aka cire nan take ba komai ba ce, wadda ta kwana uku a tafin ƙafa tana iya tsai da ayari.

Rawani ya fi kowane tufafi yawan aiki. Yana kare kai da wuya daga rana, amawali yana rufe baki da hanci in hunturu ya taso da ƙura, ana tace ruwa da shi, ana ɗaure karaya, ana shimfiɗa shi bisa ƙaya ya zama inuwa, in igiyar guga ta gaza ma ana ƙara ta da shi. Malafa a bisansa ta ƙara alheri. Riga mai dogon hannu, ta auduga, mai yalwa, ta fi ƙaramar rigar da ke barin rana tana gasa fata. Kala biyu sun isa. Wanda ya cusa kaftani huɗu a jaka don a san shi ma'aikaci ne, zai gane a kwana na biyu cewa a ruga babu mai dubawa.

Ɗan birni yana shirin zafi ya manta da sanyi. A Disamba da Janairu daren daji yana da ɗari mai ratsa ƙashi, can wajen Tarmit da Tenere kuwa yakan kusa daskarar da ruwa kafin asuba. Bargo guda da ƴar tabarma ko buzu wajibi ne, domin ƙasa ita ce ke janye ɗumin jikin mai barci. Da damina da farkon kaka a haɗa da sange saboda sauro.

Guzuri

Abincin tafiya shi ne busasshe, mara nauyi, wanda ba ya neman wuta ko ruwa mai yawa. Buzayen da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma domin kantu da dabino, gero suke dakawa tare da dabino da cuku, in lokacin ci ya yi a dama da ruwa a sha ana tafe. Bahaushe yana da gumba da dakuwa da ƙuli-ƙuli, ga kuma garin rogo. Tiya guda ta gero, kamar kilo 2 da rabi, tana riƙe mutum guda kwana huɗu in akwai gyaɗa da dabino a gefe. Shinkafa da wake suna cin ruwa da itace da lokaci, abincin gwangwani kuma rabin nauyinsa ƙarfe ne da romo. Kilishi ba a raina shi ba, amma yajinsa da gishirinsa suna ta da ƙishirwa, sai a bar shi sai an sauka a bakin rijiya. A ƙara guzurin kwana guda a kan lissafi, kada kuma a taɓa shi.

Waɗannan Buzaye suna da wani darasi. Da yake babu ciyawa a Tenere, tun daga Abzin suke ɗauko harawar raƙumansu, suna ajiye dami dami a hanya domin komowa. Mai shirin tafiya ya tuna cewa hanya biyu ce, zuwa da dawowa.

Sauran tarkace ƙanana ne: wuƙa, ƙaramin gatari, sanda, basilla da zare domin ɗinkin salka ko takalmi, ƴar tukunya, da ashana cikin leda. Ƙyastu, in an iya shi, ba ya jiƙewa. Wutar da aka hura a share kewayenta, in za a tashi a binne ta da rairayi, domin gobarar daji tana cinye makiyaya mai yawa a yankunan Tanut da Taskar bayan kowace damina mai kyau. Tocila da batir na ajiya ba don ado ba ne. Kububuwa da kunama da dare suke fita, kuma ba a sa takalmi da safe sai an kakkaɓe shi. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da abin hannu, a ɗaura wa gaɓar kara yadda ba za ta motsa ba, a ɗora shi bisa dabba a nufi likita mafi kusa, domin can ne allurar dafi take. Cikin ƙunshin magani a sa bandeji, da maganin wanke ciwo, da na ciwon kai, da na zazzaɓin cizon sauro wanda likita ya rubuta.

Sanin hanya

Kowane ayari na da yana da jagaba, mutumin da ya san hanya da dutse da itace da tauraro. Har yau babu na'urar da ta maye gurbinsa, kuma ladansa yana cikin kuɗin tafiya tun farko. Taswira tana taimako, musamman irin ta hukumar taswirar ƙasa wadda santimita guda a cikinta yake daidai da kilomita 2, amma tana iya nuna rijiyar da ta rufta shekaru da yawa. Alama ma tana gushewa: itaciyar Tenere, wadda ayari ya yi zamani yana saiti da ita, mota ce ta kayar da ita a 1973, yanzu tana gidan tarihi na Yamai. Salula tana nuna wa mutum inda yake ko babu layi, in an sauke taswirar tun a gari, sai dai zafi da neman layi suna shanye batirinta. A kashe ta sai da bukata, a tafi da ƙaramin faifan caji na hasken rana. A koyi gane tauraron arewa, a rataya usur, a sa ƙaramin madubi a aljihu, domin walƙiyarsa cikin rana ana hango ta daga nesa ƙwarai.

Katin ɗan ƙasa da takardar aiki a naɗe su cikin leda. Wasu sassan arewa da gabas ba a shigar su sai da sanin hukuma saboda sha'anin tsaro, don haka a fara da ofishin gunduma da jandarma. Sa'an nan a bar wa mai gari ko wani na gida ƴar takarda mai ɗauke da hanyar da za a bi, da rijiyoyin da za a sauka, da ranar da ake sa ran komowa, yadda in ranar ta wuce za a san inda za a fara bin sawu. Wanda ya ɓata ya tsaya a inuwa, ya daina yawo cikin rana, ya kuma sha ruwansa gwargwadon bukata, domin an sha tarar da mamaci da sauran ruwa a gorarsa. In fitsari ya ragu ya yi ja, jiki ne ke faɗin ruwa ya gaza.

Wajen ɗaurin kaya, mai nauyi shi ke kusa da baya, abin bukatar gaggawa a sama. A kan jaki kuwa sai mangala ta daidaita, in ba haka ba kafin yamma ta yi masa miki. Kwana biyu kafin tashi a ɗauki kayan duka a zagaya gari da su awa guda, abin da kafaɗa ta ƙi a ajiye shi. Da dare kuma a cika salka da bido a rataye su, a share ƙasan wurin. Da safe a duba. In akwai ɗan damshi kawai, salka ce ke numfashi. In kuwa an tarar da ƙasa ta yi laka, a kai ta wurin baduku, a ɗage tafiya da kwana guda.